Sayyid Abdurrahman Alkawakibi, Uban Raunana

 

A wannan mako za mu kawo muku tarihin wani malami na ƙasar Sham wanda ya ƙare rayuwarsa yana neman a mayar wa jama'a haƙƙinsu na shawara a cikin sha'anin mulkinsu. Wannan malami shi ne Sayyid Abdurrahman Alkawakibi, mutumin birnin Halab, wanda ya rasu a Alƙahira cikin shekarar 1902. Bai yi tsawon rai ba, littattafansa da suka iso gare mu kuma biyu ne tak, amma har yau duk sa'ad da talakawan ƙasashen Larabawa suka tashi neman gyara, sai an koma an buɗe su.

An haifi Alkawakibi a Halab a wajen shekarar 1855, a wani gida na sharifai wanda ya daɗe da shahara da ilmi. Gidansu yana da makaranta mai suna Kawakibiyya, inda mahaifinsa Shaihu Ahmad yake karantarwa. Mahaifiyarsa kuwa 'yar gidan Muftin Antakiya ce. Ta rasu tun yana ƙaramin yaro, saboda haka aka kai shi Antakiya wurin innarsa, ta riƙe shi 'yan shekaru, a can ya fara karatu ya kuma fara jin Turkanci. Da ya komo Halab sai ya shiga makarantar gidansu, ya karanta Alƙur'ani da Hadisi da Fiƙihu da Nahawu, ya ƙara da Farisanci a kan Larabci da Turkanci. Sanin Turkancin nan ya yi masa rana ƙwarai, domin ta hanyarsa ya riƙa karanta jaridun Istambul da littattafan Turawa da aka fassara, ya san abin da duniya take ciki.

A wancan zamani ƙasar Sham tana ƙarƙashin Daular Usmaniyya, daga Istambul ake naɗo mata gwamnoni. Daular ta tsufa, bashi ya yi mata katutu, ƙasashen Turai kuma suna ta yagar gefenta. Masu neman gyara a cikinta, a ƙarƙashin jagorancin waziri Midhat Basha, suka ga babu mafita sai an kafa tsarin mulki rubutacce da majalisar wakilai. A cikin shekarar 1876 Sultan Abdulhamid na Biyu ya hau gado, a watan Disamba na wannan shekara ya yi shelar tsarin mulki, majalisa kuma ta fara zama a watan Maris na 1877, da wakilai Musulmi da Kirista da Yahudawa daga lardunan daular. Amma murna ta koma ciki. Tun kafin majalisar ta zauna Sultan ya kori Midhat Basha daga ƙasa, sa'an nan yaƙi ya ɓarke da Rasha, a watan Fabrairu na 1878 kuma ya sallami majalisa, ba ta sake zama ba sai bayan shekara 30. Shi Midhat Basha daga baya aka tsare shi a Ɗa'ifa, can aka kashe shi a 1884. Daga nan mulki ya koma hannun mutum ɗaya, da 'yan leƙen asiri a ko'ina, da ma'aikatan tace labarai masu duba kowace takarda kafin a buga ta.

A cikin wannan yanayi Alkawakibi ya fara aiki yana saurayi. Ya soma da rubutu a jaridar gwamnatin lardi mai suna Furat, amma bai daɗe ba ya gane jaridar hukuma yabon hukuma kawai take iyawa. Saboda haka a 1877 ya haɗa kai da wani abokinsa suka kafa Ash-Shahba, jaridar Larabci ta farko mai zaman kanta a Halab. Ya riƙa bayyana halin da talakawa suke ciki, yana ambaton laifin ma'aikata. Ba ta kai fitowa 20 ba gwamnan lardi Kamil Basha ya rufe ta. A 1879 ya sake fito da wata mai suna Al-I'itidal, da Larabci da Turkanci, ita ma ba ta yi nisa ba aka rufe ta.

Da aka toshe masa hanyar jarida sai ya shiga ayyukan hukuma, yana fatan ya yi gyara daga ciki. Ya riƙe muƙamai da dama a Halab, ya zauna a kwamitin ilmi da na kuɗi, ya shugabanci hukumar gari da ƙungiyar 'yan kasuwa, ya kuma yi babban magatakarda a kotun shari'a. A duk inda ya zauna sai ya yi karo da masu cin hanci, domin ba ya ci, ba ya kuma rufa wa mai ci asiri. Ya buɗe ofis inda wanda aka zalunta zai zo a rubuta masa takardar ƙara zuwa ga hukuma, sau da yawa ba tare da karɓar ko kwabo ba. Wannan ne ya sa mutanen Halab suka yi masa laƙabi da Abud-Du'afa'i, watau uban raunana.

Gwamnoni ba su ƙyale shi ba. Ya yi ta fama da Jamil Basha, sa'an nan da Arif Basha, wanda a zamaninsa aka kama shi aka ɗaure bisa tuhumar yi wa daula maƙarƙashiya. Alkawakibi ya nemi a ɗauke shari'ar daga Halab, inda gwamna yake da iko a kan alƙalai, a kai ta Bairut. Da aka kai ta can sai kotu ta wanke shi. Ya fito da mutuncinsa, amma dukiyarsa ta tafi. Ban da gwamnoni kuma yana da wani abokin hamayya mai ƙarfi a fadar Istambul, Shaihu Abul Huda As-Sayyadi, na hannun daman Sultan, wanda ya karɓe muƙamin shugabancin sharifan Halab da gidan Kawakibi suke ganin nasu ne. A wurin wannan shaihu ya ga da idonsa yadda malami yake zama makamin sarki, abin da ya yi dogon bayani a kansa daga baya.

A wajen shekarar 1899 ya fita daga Halab a asirce ya nufi Masar. A lokacin Masar tana hannun Ingilishi tun 1882, amma hannun Sultan ba ya kaiwa ga jaridunta, shi ya sa marubutan Sham da yawa suka yi ƙaura zuwa can. A Alƙahira ya sadu da Shaihu Rashid Rida mai mujallar Al-Manar, da Shaihu Ali Yusuf mai jaridar Al-Mu'ayyad, sarkin Masar Abbas Hilmi na Biyu kuma ya karɓe shi ya yanka masa albashi. A cikin 'yan shekarun nan da suka rage masa ya fito da littattafansa biyu.

Na farko shi ne Ummul Ƙura, watau Makka. A cikinsa ya ƙaga wani taron asiri da ya ce an yi a Makka gab da aikin Hajji na shekarar 1316 ta Hijira, inda wakilai fiye da 20 suka hallara daga sassan duniyar Musulmi, daga Fas da Tunis har zuwa Indiya da Sin, har da wani Bature Musulmi daga Ingila. Suka yi zama 12 suna bincike a kan tambaya guda, wato mene ne ya jawo wa Musulmi wannan kasala da ta game su ko'ina. Shi kansa ya shiga cikin labarin a matsayin magatakardan taro da sunan Sayyid Alfurati. Ya tsara muhawarar da gwaninta har wasu masu karatu suka ɗauka taron ya auku da gaske. Kowane wakili ya kawo abin da ya gani a ƙasarsu, a ƙarshe aka lissafa dalilai sama da 80, wasu na addini, wasu na siyasa, wasu na ɗabi'a. Daga cikinsu akwai fahimtar ƙaddara a karkace har mutum ya bar aiki, da rufe ƙofar ijtihadi, da tsananta wa mutane a addini, da barin umurni da kyakkyawa da hani da mummuna, da barin mata cikin jahilci, da rashin 'yancin magana, da mulkin da babu mai tambayarsa. Abin lura a nan shi ne siffar littafin ita kanta darasi ce. Ya nuna wa masu karatu yadda Musulmi za su zauna su yi shawara, kowa ya faɗi ra'ayinsa, a saɓa cikin ladabi, sa'an nan a tsayar da magana tare.

A ƙarshen littafin ya kawo shawarar da ta fi tayar da ƙura. Ya nemi a mayar da halifanci ga Balarabe Baƙuraishe mai zama a Makka, wanda za a zaɓa na shekara 3, ana iya sabunta masa, yana aiki da majalisar shawara ta Musulmin duniya, ikonsa na mulki bai wuce Hijaz ba, sauran ƙasashe kuma kowace ta gudanar da sha'aninta. Masu sukarsa sun ce wannan shawara ta yi daidai da burin sarkin Masar, kuma tana iya raba kan Larabawa da Turkawa a lokacin da Turawa suke jiran ɓaraka. Wannan suka tana da nauyinta. Amma ko da an bar batun ƙabilar halifa a gefe, mai karatu zai ga inda hankalin malamin yake, wato shugaba zaɓaɓɓe, mai wa'adi, mai iyaka, wanda shawara ta ɗaure shi.

Littafi na biyu, wanda ya fi shahara, shi ne Ɗaba'i'ul Istibdad, watau halayen mulkin kama-karya. Ya fara fitowa kashi-kashi a jaridar Al-Mu'ayyad ba da sunansa na gaskiya ba, sai da laƙabin matafiyi mai harafin Kaf. Bai ambaci sunan Sultan Abdulhamid ba, ya nuna cutar yake nufi ba wani mutum ɗaya ba, amma kowa ya san inda aka dosa, aka kuma hana shigar da littafin ƙasashen daular. Ya amfana da rubuce-rubucen Turawa, musamman wani marubucin Italiya mai suna Alfiyeri wanda ya ambata da kansa, amma ya gina hujjojinsa a kan Alƙur'ani da Sunna da tarihin Musulmi.

A wurinsa kama-karya ita ce hukuma ta yi yadda ta ga dama da al'amuran jama'a ba tare da tsoron bincike ko hukunci ba. Ya yi gargaɗi cewa wannan siffa ba ta tsaya ga sarki ɗaya ba. Taron mutane ma suna iya zama 'yan kama-karya, ko da zaɓensu aka yi, muddin babu mai bin sawunsu. Maganin abin a ganinsa shi ne masu zartarwa su amsa tambaya a gaban masu yin doka, masu yin doka kuma su amsa a gaban al'umma, al'umma kuwa ta zama a farke tana sa ido. Ya bayyana cewa kowace hukuma, komai adalcinta, in ta ga jama'a sun yi sake za ta zame zuwa danniya, kuma abu biyu take dogara da su in ta zame, jahilcin talakawa da rundunar soja.

Sa'an nan ya bi sassan rayuwa ɗaya bayan ɗaya yana nuna yadda wannan cuta take ɓata su. A babin addini ya yi raddi ga masu cewa Musulunci ne tushen danniya a ƙasashen Gabas. Ya nuna cewa tauhidi shi ne babban abin da ke rushe bautar mutum ga mutum, domin wanda ya tabbata babu abin bauta sai Allah ba zai durƙusa wa azzalumi ba. Ya kafa hujja da umurnin shawara da ke cikin Suratu Ali Imrana da Suratush Shura, da labarin Bilƙisu a Suratun Namli, wadda ba ta yanke al'amari ba sai da ta tara manyan mutanenta, da kuma halin Halifofi Shiryayyu waɗanda talaka yake tsayar da su ya tambaye su. A fahimtarsa asalin mulkin Musulunci gudanarwa ce ta jama'a tare da shawarar ma'abota ilmi da ra'ayi, har ya yi amfani da kalmar dimokuraɗiyya wajen siffanta shi. Laifin ya ɗora shi a kan sarakunan da suka karkatar da addini, da malaman fada da suka koya wa mutane cewa biyayya ga mai mulki wajibi ce ko da ya yi zalunci, suka mai da haƙuri da wulaƙanci ibada.

A babin ilmi ya lura cewa azzalumi ba ya damuwa da malamin da ya tsaya ga lugga, ko ga mas'alolin da ba su taɓa zaman jama'a ba, domin irin wannan malami ana iya rufe masa baki da abin da ya rage a akushin fada. Wanda yake hana shi barci shi ne mai koya wa mutane haƙƙoƙinsu, da tarihi, da siyasar zaman tare, da iya magana a gaban jama'a. A babin girma kuwa ya raba tsakanin daraja ta gaskiya, wadda mutum yake samu a zukatan jama'a saboda hidimar da ya yi musu, da darajar aro, wadda ake samu da lambar yabo da rawani da kusantar mai mulki. Ya nuna cewa azzalumi shi kaɗai ba ya iya zalunci, sai da mataimaka tun daga waziri har zuwa ɗan sanda da mai shara, kuma yakan zaɓi mafi ƙasƙancin hali ya ɗora a sama, domin mai mutunci ba zai yi masa irin aikin da yake so ba.

A babin dukiya ya bayyana yadda arzikin ƙasa yake taruwa a hannun 'yan kaɗan, mai kuɗi yana ɓoye abinsa don tsoron ƙwace, talaka kuma ya daina ƙoƙari tun da bai tabbata zai ci guminsa ba. Ya ga zakka da hana riba da hana ɓoye kayan masarufi su ne garkuwar da Musulunci ya tanada. A babin ɗabi'a da tarbiyya kuma ya nuna yadda tsoro yake koya wa mutane ƙarya da munafunci da fadanci, har su saba, su riƙa ganin mai faɗin gaskiya a matsayin mai neman fitina, matsoraci kuma mai hankali, su kuma tarbiyyantar da 'ya'yansu a kan haka.

Babin ƙarshe, na hanyar kuɓuta, shi ne ya fi cancanta a tsaya a kansa. Ya jera tambayoyi 25 da ya ce wajibi ne al'umma ta yi nazarinsu. Mece ce al'umma, garken mai mulki ce ko taron masu haƙƙi daidai wa daida? Mece ce hukuma, mai mallaka ce ko wakiliya? Wa ke da ikon sanya haraji, wa kuma zai binciki yadda aka kashe shi? Wa ke yin doka? Shin alƙali yana ƙarƙashin gwamna ne? Yaya za a raba muƙamai, bisa cancanta ko bisa dangantaka? Shin ya dace a tara ikon siyasa da na addini da na ilmi a hannu ɗaya? Bayan tambayoyin ya kafa ƙa'idoji uku. Ta farko, al'ummar da mafi yawanta ba su jin zafin danniya ba ta kai ga samun 'yanci ba tukuna, saboda haka aikin farko shi ne ilmantarwa. Ta biyu, ana kawar da danniya da hikima da bi sannu a hankali, domin tarzoma takan sare reshe ta bar saiwa, a kori azzalumi wani ya maye gurbinsa. Ta uku, kafin a tashi kawar da wani tsari dole a shirya abin da za a kafa a madadinsa, jama'a kuma su san shi su yarda da shi. Ya kuma yi kira ga Larabawa waɗanda ba Musulmi ba da a manta da tsohuwar gaba a haɗa kai a kan maslahar ƙasa.

Bayan fitowar littattafan ya yi doguwar tafiya ya zaga gaɓar Afirka ta Gabas da ƙasar Larabawa da Indiya, yana duba halin Musulmi. Bai daɗe da komowa Alƙahira ba ajali ya same shi farat ɗaya a watan Yuni na 1902, bai kai shekara 50 ba. Danginsa da abokansa sun zargi 'yan leƙen asirin Sultan da sa masa guba, zargin da ba a tabbatar ba. An binne shi a maƙabartar Babul Wazir. Shaihu Rashid Rida ya buga Ummul Ƙura kashi-kashi a Al-Manar, littafin ya kai ƙasashen da mai shi bai taɓa takawa ba. Daga baya kuma shahararren marubucin Masar Abbas Mahmud Al-Aƙƙad ya rubuta littafi guda a kan rayuwarsa.

Abubuwan da suka biyo bayan rasuwarsa sun gaskata shi ta fuska biyu. A 1908 hafsoshin soja suka tilasta wa Sultan Abdulhamid ya maido da tsarin mulki da majalisa, a 1909 kuma aka tuɓe shi. Amma a 1913 wani ɓangare na waɗanda suka yi juyin suka ƙwace mulki da bindiga, suka shimfiɗa tasu danniyar, suka jefa daular cikin Yaƙin Duniya na Farko, a 1924 kuma aka soke halifanci ɗungurungum. Taron da ya ƙaga a takarda ya zama gaskiya ta wata siffa, domin an yi babban taron Musulmin duniya a Makka a 1926, aka kafa Rabiɗa a can a 1962, aka kuma kafa ƙungiyar ƙasashen Musulmi bayan taron Rabat na 1969. A shekarar 2011, da talakawan Tunisiya da Masar da Libiya da Yaman da Sham suka fito tituna suna neman gyara da a ba su murya a mulki, an sake komawa ga littafinsa ana karantawa. Garinsu Halab ya sha rugujewa a yaƙin da ya biyo baya, musamman tsakanin 2012 da 2016, mulkin gidan Asad kuma bai faɗi ba sai a watan Disamba na 2024. Wanda ya dubi yadda al'amura suka kasance a waɗannan ƙasashe zai ga ƙa'idarsa ta uku ita ce aka fi yin sakaci da ita, ita ce kuma ta fi tsada.

Darasin da ke cikin rayuwar wannan bawan Allah ya shafi kowane ɓangare. Mai mulki ya sani amana aka ba shi, kuma mai amana ba ya fushi don an tambaye shi lissafi. Malami ya sani ilminsa zai zama hujja a kansa in ya sayar da shi a ƙofar fada. Talaka kuma ya sani jefa ƙuri'a farkon aiki ne, sauran aikin shi ne sanin haƙƙinsa, da bin sawun wanda ya zaɓa, da tambayar inda dukiyar jama'a ta shiga, cikin ladabi da haƙuri ba tare da ɓarna ba. Alkawakibi ya rasa jaridunsa da dukiyarsa da garinsu a kan wannan magana, bai kuma janye ta ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Allah ya jiƙansa da rahama, ya gafarta masa kurakuransa, ya ba mu shugabanni masu jin shawara da jama'a masu iya ba da ita.